Haɗa kwamfutar gem a Kaduna: abin da za a tantance kafin a fitar da kuɗi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu son haɗa kwamfutar gem, wato ta wasannin bidiyo, ko ƙara wa tsohuwa ƙarfi, suka fi yi a nan Kaduna. Mun amsa su da la'akari da wutarmu, da zafinmu, da ƙurarmu, domin yawancin shawarwarin da ake gani a intanet an rubuta su ne don ƙasashen da ba a ɗauke wuta.

Da wane kaya zan fara?

Kada ka fara da kaya. Fara da amsa abu biyu: wane gem za ka buga a kan wace monita, kuma da wace wuta za ka kunna kwamfutar. Mai buga eFootball, EA Sports FC, GTA V ko Valorant a monita mai 1080p (ma'aunin kaifin hoton allo) ba ya bukatar abin da mai son Cyberpunk 2077 a 1440p ke bukata. In ka tsayar da wannan, sai ka zaɓi katin hoto, wato ɓangaren da ke zana abin da ake gani a allo, shi ne zai ci kaso mafi tsoka, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabin kuɗin. Sauran kayan duka ana zaɓensu ne don su dace da katin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba kuɗi a furosesa (ɓangaren da ke yi wa kwamfuta lissafi) mai suna, i7 ko i9, sannan a rasa na kati mai kyau. Gem ba ya duba sunan furosesa. i5 da kati mai ƙarfi ya fi i9 da kati mai rauni nesa ba kusa ba.

To wane katin hoto ya dace?

A 1080p, RX 6600 ta AMD, da RTX 3060 da RTX 4060 na Nvidia, duk suna ɗaukar kusan kowane gem na yanzu. Amma a nan garin akwai lambar da ta kamata ka duba kamar yadda kake duba sauri, wato wat ɗin da katin ke sha. RTX 3060 tana shan wat 170, RX 6600 wat 132, RTX 4060 kuwa wat 115 kacal, alhali ta ɗan fi sauran biyun sauri. Tsohuwar RX 580 da ta cika kasuwa saboda araharta tana shan wat 185, kuma ba ta kai ko ɗaya daga cikinsu ƙarfi ba. Ga mai buga gem da inbata, tazarar wat 55 da ke tsakanin 3060 da 4060 kusan wutar fankar silin guda ce, kullum, duk tsawon lokacin da ake wasa. Kuma duk wat ɗin da kati ya sha zafi yake komawa a cikin ɗakinka.

Sai ƙwaƙwalwar katin. Giga 8 ita ce mafi ƙarancin abin da muke ba da shawara a saya yau. Mai giga 4 zai riƙa cijewa a sababbin gem ko da an rage saiti. A lura cewa RTX 3060 iri biyu ce: akwai mai giga 12, akwai mai giga 8 wadda aka rage wa ƙarfi, kuma wasu masu sayarwa ba sa bambanta su a baki. Mai giga 12 ita ce ta ainihi.

Zan iya sayen kati na hannu?

Za ka iya, galibin mutane ma hakan suke yi, amma ba a sayen kati na hannu a kashe. A sa shi a kwamfuta a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z ka ga ko sunan da ke jikin kwalin ya yi daidai da abin da ke ciki, domin akwai jabun katuna da aka sauya wa suna, musamman masu ɗauke da sunan GTX 1050 Ti alhali tsohon kati ne mai rauni ƙwarai. Akwai kuma RX 580 mai laƙabin 2048SP, wadda a haƙiƙa ƙarfinta na RX 570 ne. Daga nan a kunna FurMark, manhajar gwada kati, ko wani gem mai nauyi na minti 20 zuwa 30. Ka sa ido kan abu huɗu: ɗige-ɗige ko layuka masu launi a allo, allon ya yi baƙi ya dawo, fanka mai ƙara ko wadda ba ta juyawa bayan katin ya ɗau zafi, da zafin da ya haura digiri 85. Ɗige-ɗige alamar ƙwaƙwalwar katin ta fara lalacewa ce, kada ka yarda a ce maka matsalar direba ce, wato manhajar da ke tafiyar da katin.

Katuna da yawa na zamanin RX 580 da RTX 3000 sun yi aikin haƙar kuɗin kirifto dare da rana kafin Ethereum ta daina wannan tsari a Satumbar 2022. Ba dukansu ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji, man da ke tsakanin guntun lissafin katin da ƙarfen sanyaya shi ya bushe. In ka sayi irinsu, ka ware kuɗin sabon mai.

Idan daga Kwamfuta Bilej ta Ikeja ko Banex ta Abuja za a turo maka kayan a mota, ka nemi bidiyon gwajin da lambar jikin katin a bayyane, ku kuma yi yarjejeniyar kwanakin mayarwa a rubuce. Kada a turo kwamfuta da katin a maƙale a cikinta. Jijjigar hanya na iya tsaga gurbin da ke kan madabod, babban faifan da ake jona dukkan kayan a kansa.

Furosesa da madabod fa, yaya zan san sun dace?

Soket, wato mazaunin furosesa a kan madabod, shi ne ke yanke hukunci. Ryzen 5 5600 tana zama a soket AM4, da madabod B450 ko B550, da ram (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) nau'in DDR4. Ryzen 5 7600 tana zama a AM5, wanda ya fito a 2022, kuma DDR5 kaɗai yake karɓa. A ɓangaren Intel, zubi na 12 da na 13 da na 14 duk LGA1700 ne, sai dai madabod ɗinsu wani na DDR4 ne wani na DDR5, ba ya karɓar duka biyun. Karanta jikin kwalin.

Tarko biyu ne a nan. Na farko, tsohuwar B450 ba za ta tashi da Ryzen 5000 ba sai an sabunta BIOS ɗinta, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, don haka a sa mai shago ya sabunta kafin ka bar wurin. Na biyu, furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, irin i5-12400F, da Ryzen 5 5600, ba su da sashen hoto a cikinsu. Babu kati, babu hoto ko na buɗe Windows. Wanda kuɗinsa bai kai na kati ba tukuna, Ryzen 5 5600G za ta riƙe shi da ƙananan gem har ya tara.

In na hannu ne, duba ƙafafun da kyau a haske. A AM4 ƙafafun suna jikin furosesa, a AM5 da LGA1700 suna cikin soket ɗin madabod. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe tana iya kashe gurbin ram guda.

Ram nawa?

Giga 16, a sanda biyu masu giga 8, ba sanda ɗaya mai 16 ba. Sanda biyu suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda, kuma bambancin a bayyane yake, ballantana ga mai 5600G da hotonsa ke dogara da ram. A madabod mai gurbi huɗu, ana sa su a na biyu da na huɗu in an ƙirga daga wajen furosesa. Bayan haka a shiga BIOS a kunna saitin gudun ram mai suna XMP, ko EXPO a AM5, in ba haka ba ram mai gudun 3200 zai tsaya a 2133 ko 2400 ba tare da ka sani ba.

Wace ma'ajiya zan saya, SSD ko had-disk?

SSD, nau'in NVMe in madabod na da gurbin M.2. Tera 1 ya fi kwanciyar hankali, tunda gem guda yanzu na iya cin fiye da giga 100. In na hannu ne, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki.

Me ya sa kuke matsa wa mutane kan akwatin wuta, mai raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, alhali ba ya ƙara sauri?

Domin shi kaɗai ne in ya mutu yake iya tafiya da sauran kayan. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ta tsaro. Akwatin wuta marar suna, marar nauyi a hannu, da aka rubuta wa wat 650, sau da yawa ba ya iya ba da rabin haka a layin bolt 12, wanda shi ne kati da furosesa ke sha. Duba takardar da ke gefensa: ninka amfiyan layin bolt 12 sau 12, abin da ya fito shi ne ƙarfinsa na gaskiya. Ga Ryzen 5 5600 da RX 6600 ko RTX 4060, wat 550 daga sanannen kamfani irin Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai shaidar 80 Plus ta rashin ɓarnar wuta, ya wadatar har da rara. Kati mai shan sama da wat 200, irin RX 6700 XT, a ba shi 650. Kada a yi amfani da wayar da ke juya filogin SATA, wato na ma'ajiya, ya koma na kati, tana narkewa. In akwatin ba shi da filogi mai baki 8 na kansa, ba a yi shi don gem ba.

Alamar akwatin wuta ya gaza ita ce kwamfuta ta mutu ɗif ko ta sake tashi da zarar gem ya yi nauyi, amma lafiya lau take a sauran ayyuka.

UPS, inbata da janareta fa?

Lambar da ke jikin UPS ba wat ba ce. Mai 650VA bai wuce wat 360 zuwa 400 ba, kwamfutar da muka ambata mai Ryzen 5 5600 kuwa da monitarta suna shan kusan wat 300 a tsakiyar wasa. Ya yi kusa da iyaka, batirinsa kuma ƙarami ne. Nemi 1200VA zuwa 1500VA, ka kuma ɗauke shi a matsayin abin da zai ba ka 'yan mintoci ka ajiye wasa ka kashe, ko a tayar da janareta. Wasu akwatunan wuta na zamani ba sa jituwa da UPS ko inbata mai kakkausar wuta, sai ka ji suna ƙugi ko su mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Inbata mai tsabtatacciyar wuta, wadda masu kayan sola ke kira fiya-sain, ita ce ta dace.

Lissafin batir ba shi da wuya. Wat 300 na awa 4 ya kama wat-awa 1200. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2400, amma irin na ruwa ba a son a zuƙe shi fiye da rabi. Ke nan batir guda bai cika ba ka awa 4 ba, in an cire abin da inbata kanta ke ci. Hanyar tsawaita shi ita ce ka ƙayyade gem a hoto 60 a daƙiƙa, ko ka rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80 cikin 100 da manhajar MSI Afterburner. Abin da za ka rasa na sauri kaɗan ne.

Ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take yi duk lokacin da firji ko injin ruwa ya tashi, don haka a sa sitabilaiza a tsakani, kuma kada kwamfuta ta kasance a jone lokacin tayar da shi. Da damina, in hadari ya haɗo ana walƙiya, zare filogin daga bango, har da wayar intanet. In kana jin wuta na ɗan jan ka a jikin akwatin kwamfutar, soket ɗin gidan ba shi da wayar ƙasa; a kira mai gyaran wuta.

Ina da Dell OptiPlex ko HP ta ofis, zan iya mai da ita ta gem?

Da iyaka. Siraran nan akwatin wutarsu yana tsakanin wat 180 zuwa 240, filoginsa na kamfanin ne kaɗai, kuma dogon kati ba ya shiga. Abin da zai yiwu shi ne gajeren kati mai shan wuta daga gurbin madabod, wanda iyakarsa wat 75: GTX 1650 gajera, RX 6400, ko RTX 3050 mai giga 6. Mai giga 8 tana bukatar filogi, ba za ta yi ba. Idan yanzu za ka sayi irin wannan kwamfuta, kada ka sauka ƙasa da zubi na 8, misali i5-8500 mai sassan lissafi 6, domin daga nan Windows 11 ke farawa, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025.

Yaya zan yi da zafi da ƙura?

A watannin Maris da Afrilu, iskar da fanka ke ja ita kanta mai zafi ce, don haka akwatin kwamfuta mai gilashi a gaba ba namu ba ne. Zaɓi mai raga a gaba, fanka biyu na shigar da iska, ɗaya a baya na fitarwa. Masu shigarwa su fi yawa, ta haka ƙura ba za ta riƙa kutsowa ta kowace kafa ba sai ta wurin matata. Ɗaga kwamfutar daga ƙasa. Da hunturu a wanke matatar duk mako biyu, a hure cikin da abin hura iska duk wata, ana riƙe da fankokin da yatsa don kada su yi juyin da zai lalata su. Kafin sayen akwati, gwada tsawon katin da tsayin ƙarfen sanyaya furosesa da abin da akwatin ke ɗauka. Duk a milimita ake rubuta su.

Na gama haɗawa, fankoki na juyawa amma babu hoto. Me ya faru?

Duba wayar monita tukuna: a jikin katin hoto za ta shiga, ba a jikin madabod ba. Sannan filogin furosesa mai baki 8 da ke saman madabod, ana yawan mantawa da shi, da filogin katin kansa. In duk suna nan, zare ram ka mayar da sanda ɗaya a gurbi na biyu, ka danna har maƙallan su yi ƙas. Sabuwar AM5 tana iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye da baƙin allo a tashin farko tana daidaita ram, kada ka yi saurin kashe ta. Idan hoto ya zo amma furosesa na kai digiri 95 cikin 'yan daƙiƙu, cire ƙarfen sanyayar ka duba ƙasansa; akwai siririyar leda da kamfani ke liƙawa, sai an ɓare ta kafin a ɗiga mai kamar ƙwayar wake a mayar. Bayan an sa Windows da direban katin, a shiga saitin allo a ɗaga monita zuwa 144Hz, wato hoto 144 a daƙiƙa, in tana kaiwa, domin da kanta a 60 take farawa.