Na'urorin maganaɗisu masu gano DNA da furotin

Waɗannan ƙananan na'urori ne, wasunsu ba su fi tafin hannu ba, da ake gano DNA ko furotin da su a cikin jini, yawu ko fitsari. Ana yin gwajin a gaban majiyyaci, ba sai an kai samfur babban ɗakin gwaji ba.

Tarihi

Asalin fasahar daga kimiyyar lantarki ta fito, ba daga likitanci ba. A 1988 Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano cewa idan aka jera siraran shimfiɗun ƙarfe bisa juna, turjiyarsu ga lantarki takan sauya ƙwarai da zarar maganaɗisu ya matso. Wannan shi ake kira GMR, kuma shi ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2007. Kamfanin IBM ya sa shi cikin faifan ajiyar kwamfuta a 1997.

Shekara ɗaya bayan haka, David Baselt da abokan aikinsa a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka suka nuna cewa abin da ke karanta faifan kwamfuta zai iya gano ƙwayoyin maganaɗisu, da nufin amfani da su wajen gano DNA. Dabara ce mai ban sha'awa, domin kayan haɗinta duk suna nan tun tuni: ƙwayoyin kansu sun samo asali ne daga aikin John Ugelstad na Norway, wajen ƙarshen shekarun 1970. Daga baya ƙungiyar Shan Wang a Jami'ar Stanford ta faɗaɗa hanyar zuwa furotin masu nuna ciwon daji.

Yadda suke aiki

Ana shafa wa fuskar na'urar tarko, ko dai zaren DNA ko sinadarin garkuwar jiki, wanda ba ya kama komai sai abin da ake nema. A ɗiga samfur, a biyo da ƙwayoyin maganaɗisu. Duk inda tarko ya kama, nan ƙwayoyin za su liƙe, lantarki ya sauya, allo ya nuna adadi. Babbar fa'idar ita ce jini da yawu kusan ba su da maganaɗisu nasu, don haka duhun samfur ba ya rufe sakamako yadda yakan yi wa gwajin haske.

Amfani a yau

A 2016 kamfanin Philips ya fitar da Minicare I-20, mai auna furotin ɗin troponin da ke nuna lahani a zuciya cikin kimanin minti 10, ko da yake da haske yake karanta ƙwayoyin. Yawancin sauran na'urorin suna matakin bincike. Gwajin DNA kan buƙaci a fara ninka shi, kuma ana saɓani kan ko na'urorin za su kai tsinken gwaji araha.