Ɗan sakandare a asibiti lokacin hutu: wai da gaske ɗauri ne?

Tunda aka shiga dogon hutu ake ta yawo da wani saƙo a WhatsApp, wai duk yaron sakandaren da aka gani a asibiti yana koyon aiki za a kama shi a matsayin likitan bogi, har wata maƙwabciyarmu ta hana 'yarta 'yar SS2 bin gwaggonta nas zuwa wajen aiki, yarinyar da tun tana firamare ba ta da zance sai likitanci. To ba haka abin yake ba.

Abin da dokar likitoci ta hana shi ne mutum ya kira kansa likita, ko ya riƙa duba marasa lafiya don a biya shi, alhali MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, ba ta yi masa rajista ba. Yaron da ya tsaya gefe yana kallo da izinin shugaban asibiti da yardar mara lafiya ai bai yi ko ɗaya ba. Amma fa kallo kawai, babu allura babu ɗaura ruwa, ko da nas ɗin ta ce zo ka gwada.

Inda ramin yake shi ne wayar hannu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce duk bayanin mara lafiya sirri ne, ciwonsa da maganinsa, kai har kwanciyarsa a asibitin ma, sai in shi ya yarda a rubuce ko kotu ta ba da umarni ko makamancin haka. Kenan yaro ya dawo gida ya ce Umma na ga matar wane a ɗakin haihuwa, ya riga ya taka dokar. Asibitin gwamnati ko na kuɗi, duk ɗaya.

Sashe na 29 ne mai haƙora. Wanda ya kwafi wani ɓangare na bayanan mara lafiya ko ya shiga cikinsu babu izini, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ko tarar naira 250,000 ko a haɗa masa duka. Mutane na jin kwafi sai su ɗauka sai an je shagon fotokofi, ni kuwa a fahimtata ɗaukar folda hoto a ɗora a sitatus kwafi ne tsaf. Ko don karatu ake son folda mai ɗauke da suna, sai mai ita da shugaban asibiti da kwamitin da ke kula da ɗa'ar binciken lafiya sun amince.

Abin da ya burge ni, sashen ya fara ne da ɗora wa mai kula da asibitin nauyin tsare bayanan, shi ma in ya yi sakaci hukuncin na hawa kansa. Daidai ne wallahi, don ɗan shekara 16 bai kai kansa ɗakin ajiyar folda ba, wani babba ne ya buɗe masa ƙofa. Maƙwabciyar tamu dai ta bar yarinyar ta koma ranar Litinin, wayar kuma tana gida a hannunta.