Shin Dannawa Bisa Kuskure Tana Lalata Waya?

An daɗe ana faɗa a gidajenmu na Sakkwato cewa idan tsoho ya danna inda bai dace ba, wayar shafa-shafa za ta lalace ko kuɗinsa na banki su salwanta. Shi ya sa za ka ga Inna a Mabera ta naɗe wayarta a ƙyalle, tana jiran jika ya dawo islamiyya ya buɗe mata saƙo. Tsoron yana da dalili, waya ta yi tsada.

Amma yatsa ba ya ƙona waya. Ruwa, faɗuwa ƙasa da zafin ranar bazara su ne masu illa. Goge komai na cikin waya yana can ciki a saituna, kuma sai ta nemi lambar kulle ta sake tambaya. Hoton da aka goge, a wayoyi da yawa, yakan zauna kwana 30 a kwandon shara kafin ya tafi.

Kuɗin banki kuwa galibi ba sa fita sai an saka lambar sirri. Haɗarin gaske shi ne baƙon da zai kira ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar da ta shigo waya ta saƙo. Wannan kam kada a ba kowa.

Gwadawa ba wuya. Ku zauna da Baba, ku kashe data, ku ɗauki hoton buta, ya goge da hannunsa, sannan ku nuna masa yadda ake dawo da shi. Ku ƙara girman rubutu ma, sau da yawa ido ne matsalar.

Don Allah a tura wa 'yan uwa masu dattawa a gida.