An yi min CS (tiyatar ciro jariri), dole ne a ɗauke min jaririna?

Wai da gaske ana iya ɗora min shi a ƙirji alhali ana kan ɗinke ni?

Ƙwarai kuwa, in dai allurar baya aka yi miki, wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙasa, idonki biyu har kukansa na farko kina ji. Za a goge shi, a sa masa hula, a kifa shi tsirara a ƙirjinki sama da labulen nan da ya raba ki da likita, a lulluɓe ku tare. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya (UNICEF) sun fito da tsarin asibitoci masu goyon bayan shayarwa tun 1991, cikin matakansa 10 akwai haɗa fatar uwa da ta jariri nan take, da barinsu ɗaki ɗaya dare da rana. Ba su ce ban da mai CS ba.

To meye amfaninsa?

Ɗakin tiyata sanyi gare shi kamar firij, ga jariri a jiƙe, jikinki ne ke ɗumama shi, numfashinsa ya daidaita, kukan ya lafa, can sai ki ga yana ta wawure-wawure da baki yana neman nono da kansa. Tsotson nan kuma yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Amma mu faɗi gaskiya, ba haka aka saba yi a wajenmu ba. Ana ciro yaro nas ta miƙo shi waje a zani, gwaggo ta karɓa, kaka ta karɓa, wata ta ɗauki hoto ta sa a status, kowa ya ga jariri ban da wadda aka yanka dominsa. A yi masa huɗuba a kunne, babu laifi, minti nawa ne, amma a maido mata abinta.

In allurar barci aka yi min fa?

Sai kin farfaɗo. Kafin nan baban ya buɗe riga ya rungume shi a ƙirji, ba abin kunya ba ne Malam, ko kakarsa ta yi.

Nonona bai kawo ba, ba gara a ba shi madara ko ruwa ba?

Dakashin nan mai kauri ruwan ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar, shi ne abincinsa, kuma rigakafinsa na farko. Cikinsa ranar farko ɗan mitsitsi ne, 'yan ɗigo sun ishe shi. Bayan aiki ruwan nono kan ɗan yi jinkiri, kuma yawan sa shi a nonon ne ke janyo shi, to in yana wani ɗaki ina zai tsotsa? In likita ya ga yana buƙatar ƙari zai faɗa.

Ɗinkin fa, ba zai fama min ba?

Ki kwanta ta gefe, ko ki sa filo ki riƙo shi ta ƙarƙashin hammata ƙafafunsa na bayanki. Mai jinya ta riƙa miƙo miki shi, kuma ta sa ido in maganin ciwo na sa ki gyangyaɗi, kada ya zame.

Yaushe raba mu ya zama dole?

In bai numfashi sosai, ko bakwaini ne da sai an sa shi a kwalba, ko ke ce jini ya ɓalle miki. Ko a nan ki nemi a nuna miki yadda ake tatsar dakashi da hannu a kai masa, kuma da kin iya zama a tura ki a keke ki je ki taɓa shi.