Kwalejin Gungume da Wa'azin Nottingham

Kwalejin Gungume wata ƙaramar makaranta ce ta horar da fastocin ɗariƙar Firesbiteriya, wadda William Tennent ya buɗe a Neshaminy da ke Pennsylvania, a ƙasar da yanzu ake kira Amurka, wajajen shekarar 1727. Masu raina ta ne suka laƙaba mata sunan, domin da gumagumai aka gina ta.

Tarihi

Tennent ya yi karatu a Jami'ar Edinburgh, ya ƙaura daga Ireland a 1718. A wancan zamani duk mai son zama fasto sai ya tafi Harvard ko Yale, ko ya ƙetare teku zuwa Scotland, abin da ya fi ƙarfin ɗan talaka. Sai Tennent ya tara 'ya'yansa da wasu samari yana koya musu Latin da Girkanci da tauhidi. George Whitefield, mai wa'azi ɗan Ingila wanda ya ziyarce su a 1739, ya rubuta cewa tsawon ɗakin bai wuce ƙafa 20 ba, faɗinsa ma kusan haka. Daga cikin ɗaliban akwai Samuel Blair da Samuel Finley.

Wa'azin da aka buga

A 1738 majalisar ikilisiya ta Philadelphia ta yanke cewa wanda ba shi da shaidar babbar jami'a sai an yi masa jarrabawa kafin a ba shi izinin wa'azi. Mutanen Tennent suka ga da su ake. Ranar 8 ga Maris 1740 Gilbert, ɗan Tennent, ya hau mumbari a Nottingham ta Pennsylvania, ya ɗauko Markus 6:34, ayar tumakin da ba su da makiyayi, ya kwatanta fastocin da ba su sami sabuwar haihuwa ba, wato tuba ta gaskiya, da Farisiyawa, malaman Yahudawa da Yesu ya zarga da munafunci. Ya ma ce wa jama'a halal ne su bar irin waɗannan su je inda za su ƙaru. Benjamin Franklin, mai maɗaba'a a Philadelphia, ya buga wa'azin a ƙaramar ƙasida a shekarar, kuma wannan ɗab'i ne ya kai maganar garuruwan da muryar Gilbert ba ta isa ba. Ikilisiyar ta dare gida biyu a 1741, ba ta sake haɗewa ba sai 1758. Kafin nan Gilbert ya sassauta harshe.

Alaƙa da Princeton

Tennent ya rasu a 1746, shekarar da aka kafa Kwalejin New Jersey, wato Princeton ta yau. Finley ya shugabance ta daga 1761. Masana tarihi sun saɓa kan ko Princeton ci gaban makarantar Tennent ce.