Kogon Harrison

Kogon Harrison wani kogo ne na ƙarƙashin ƙasa a tsibirin Barbados dake yankin Karibiyan, yana gundumar Saint Thomas can tsakiyar tsibirin inda ƙasar tayi tudu. Irin kogon nan ne da aka gyara musamman don masu yawon buɗe ido, an sa mishi fitilu an shimfiɗa hanya, mutum ya sayi tikiti ya shiga ɗan jagora na mishi bayani. Tsawonshi ya kai kilomita 2.3 a ƙalla, ɗakin da yafi girma a ciki kuwa rufinshi ya kai mita 15.

Sunan daga Thomas Harrison aka samo shi, wani mai filaye a wajen tun farkon shekarun 1700. An ambaci kogon a rubuce a 1795, amma kusan shekara 180 ba wanda ya san iya zurfinshi saboda bakin shigar da wuya, sai a shekarun 1970 wani injiniya ɗan Denmark, Ole Sorensen, tare da Tony Mason da Allison Thornhill 'yan Barbados suka bi shi lungu-lungu suka zana taswirarshi. Daga nan gwamnati ta sa aka haƙa hanyoyi, aka buɗe ma jama'a a 1981.

Ruwa ne ya sassaƙa kogon, kuma nan ne abin mamakin yake. Mafi yawan Barbados, wajen kashi 85 cikin 100, dutsen farar ƙasa ne na murjani, wato ragowar ƙananan halittun teku da suka taru suka sandare sannan ƙasan teku ya turo su sama a hankali. Irin dutsen da ake siminti dashi ne. In ruwan sama ya sauka yana ratsa ƙasa sai ya kwashi iskar kabon ya ɗan yi tsami, tsamin nan bai kai ka ji a harshe ba amma ya isa ya dinga lasar dutsen kaɗan-kaɗan shekara dubbai har rami ya zama rafi, rafi ya zama ɗaki. Ɗigon da ke faɗowa daga rufi kuma kowanne yana barin ɗan ɓurɓushin farar ƙasa, wani ya taru ya reto daga sama kamar haurun giwa, wani ya tsiro daga ƙasa daidai inda ɗigon ke sauka, in sun daɗe sai su haɗe su zama ginshiƙi guda. Har yau aikin bai tsaya ba, ruwa na ɗiga, shi yasa ake hana taɓawa, don maiƙon hannu na ɓata dutsen ya hana shi girma, abinda mutum zai lalata da yatsa ɗaya ko jikokinshi ba zasu ga ya dawo ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasan nan da dutse ya tace shi ne ma galibin abin shan mutanen tsibirin.

Shiga ba wahala. Wata motar lantarki ce mai taragu a buɗe, kusan awa ɗaya, ana tsayawa a sauka a ɗau hoto kusa da tafki ko inda ruwa ke zubowa. Tsoho da yaro duk suna iyawa. Akwai kuma tafiyar ƙafa ga masu jini a jika, da hular kwano da tocila, rarrafe cikin taɓo. Wanda yake tsammanin sanyi kamar na firij zai sha mamaki, zafin ciki wajen digiri 27 ne ga damshi, kamar dai Ankara, babban birnin Gana, bayan an ɗauke ruwa. Gaskiya fitilu da kwalta sun rage mishi kwarjini, wanda ya taɓa shiga kogon jemagu na Buoyem kusa da Techiman ko na Shai Hills da ƙafarshi zai ga wannan kamar falo, sai dai namu ba su da waɗannan ginshiƙan don dutsen ba iri ɗaya bane.

Mu nan Gana sunan Barbados ba baƙo bane. Yawancin mutanen can jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne, da yawa ta gaɓar tekun nan tamu, a 2019 shugaban ƙasa na lokacin Akufo-Addo ya je can, Firaministar Barbados Mia Mottley ma ta zo nan, a 2020 kuma nas-nas na Gana suka tafi aiki a asibitocinsu. Tafiyar ce dai da tsada, daga filin jirgin Ankara yawanci sai an bi ta Landan, kuɗinsu kuma dala biyu tasu ce dala ɗaya ta Amurka, wanda ya lissafa da sidi a Nima ko Aboabo sai ya gyara zama. Kusa da kogon akwai kwarin Welchman Hall, shima kogo ne a da, rufinshi ya rufta, yanzu bishiyoyi ne da birai a ciki.