Tasirin maiƙo da sukari a kan insulin da sukarin jini

Insulin sinadari ne da wasu ƙwayoyin halitta da ake kira bita ke samarwa a cikin fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi. Aikinsa shi ne shigar da gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini, daga jini zuwa cikin tsoka da kitse, da kuma hana hanta ci gaba da zuba nata gulukos ɗin bayan an ci abinci. Frederick Banting da Charles Best ne suka fara tace shi a Toronto a 1921. Mai lafiya da ya kwana bai ci komai ba, sukarin jininsa yakan tsaya tsakanin 70 da 99 mg/dL, wato miligiram a kowace desilita ta jini. Idan ya kai 126 a gwaji biyu, ana ɗaukar sa a matsayin ciwon sukari.

Gulukos ne ke tayar da ƙwayar bita kai tsaye. Da ya shiga cikinta ya ƙone, sai ƙofofin fotasiyam da ke jikin ƙwayar su rufe, kalsiyam ya kwararo ciki, insulin ɗin da ke ajiye ya fito. Fitowar kashi biyu ce: ta farko mai ƙarfi ce, ba ta wuce kamar minti goma, ta biyu kuma tana tafiya a hankali muddin sukarin bai sauka ba. Ta farkon ce ke fara ɓacewa a ciwon sukari nau'i na 2, wanda ya fi yawa a tsakanin manya, shi ya sa sukarin bayan cin abinci yakan hau tun gwajin safe bai nuna komai ba.

Sukarin shayi rabinsa gulukos ne, rabi furuktos, irin sukarin da ake samu a 'ya'yan itace. Furuktos ba ya sa insulin fitowa sosai, amma hanta ce ke ɗaukar nauyin sarrafa mafi yawansa, kuma idan ya yi yawa tana mayar da wani kaso kitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wato kimanin giram 50 ga babba. Lemon gwangwani ɗaya na iya ƙunsar giram 35. Sitaci ma, irin na farar shinkafa, burodi da tuwo, gulukos ne a sarƙe, kuma hanji na warware shi da sauri ko da babu zaƙi a baki.

Lamarin maiƙo ya fi rikitarwa. Shi kaɗai ba ya ɗaga sukarin jini. Yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, yana kuma sa hanji ya saki sinadaran GLP-1 da GIP, masu ƙara wa ƙwayar bita kuzari idan akwai gulukos. Don haka abinci mai maiƙo kan rage hawan sukari a sa'ar farko, amma hawan ya daɗe bai sauka ba. Mai allurar insulin yana iya ganin sukarinsa ya faɗi da wuri, ya kuma hau bayan sa'o'i uku zuwa biyar. Wannan ne ma dalilin da ya sa idan sukari ya faɗi ƙasa da 70 ake ba da giram 15 na sukari a ruwa, ba cakulan ko ƙosai ba.

Illar maiƙo ta dogon lokaci ce. Idan wurin ajiyar kitse na ƙarƙashin fata ya cika, rarar takan taru a hanta da tsoka, inda take dakushe saƙon insulin: tsoka ta rage karɓar gulukos, hanta ta ƙi daina fitar da shi. Tun 1963 masanin kimiyya Philip Randle ya nuna cewa tsokar da ke ƙona kitse tana rage ƙona gulukos. Fankiriyas na iya rufe wannan giɓi shekaru da yawa ta hanyar ƙara yawan insulin, har ƙwayoyin bita su gaza, ga sukari ga kitse duk sun yi musu yawa.

Irin man ma yana da tasiri. Mai daskarewa, kamar man shanu, kitsen nama da manja, ya fi tara kitse a hanta fiye da mai ruwa irin man gyaɗa, man waken suya da man zaitun. Sai dai kowane mai, giram ɗaya yana ɗauke da kuzari kalori 9, sukari kuwa 4, don haka sauya mai ba tare da rage yawansa ba amfaninsa kaɗan ne ga mai ƙiba. A gwajin DiRECT da aka yi a Birtaniya, wanda aka buga a 2017, kashi 46 cikin 100 na masu ciwon sukari nau'i na 2 da aka ɗora a kan tsarin rage nauyi sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. A cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, adadin ya kai kashi 86.